Kiwon Tana Don Taki a Ƙasar Zafi

Duk wanda zai ajiye tana don ta yi masa taki, ya sa a ransa cewa kiwo ya shiga. Ba juji ya buɗe ba, ba kuma kwandon shara ya saya ba. Halitta ce mai rai da ke jin yunwa da ƙishi, zafi yana kashe ta, kuma maƙiyanta suna nan a kowane lungu na gida, daga kaza har kwarkwasa. Wanda ya riƙe ta da wannan niyya, cikin wata uku zai fara kwasar baƙin taki mai laushi daga ɓawon ayaba da ganyen shayin da ya saba watsarwa a kwata. Wanda kuwa ya mayar da mazubinta wurin juye ragowar tuwo da miya, kafin mako biyu wari zai sa mutanen gida su ce a fitar musu da abin.

Amfanin wannan tsutsa ga ƙasa ba yau aka gano shi ba. Charles Darwin na Ingila ya shafe fiye da shekara 40 yana lura da ita, kuma littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1881, a kanta ya rubuta shi. Kiwonta cikin akwati a gida kuwa ya yaɗu ne bayan wata mata a jihar Michigan ta Amurka, Mary Appelhof, ta fitar da ɗan littafinta a 1982. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, takin zamani ya yanke wa ƙasar Kuba, kiwon tana na cikin abubuwan da manoman can suka runguma don rayar da lambunansu.

Sai dai yawancin abin da aka rubuta kan wannan aiki an yi shi ne don mutanen ƙasashen sanyi, waɗanda tsoronsu kada ƙanƙara ta daskarar musu da tsutsotsi. Mu namu tsoron daban ne. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, alhali tsutsar taki takan fara mutuwa idan cikin mazubinta ya haura digiri 35. Da hunturu kuma iska ba ta barin danshi a jikin komai. Saboda haka duk abin da za a yi, daga zaɓen tukunya zuwa wurin da za a girke ta, a yi shi da tunanin yadda kiwon zai tsallake bazara.

Ba kowace tana ce ke wannan aiki ba. Akwai masu haƙa rami su nutsa can ƙasa suna cin turɓaya. Waɗannan idan aka kulle su a baho sai su rame su mutu. Wadda ake nema ita ce mai zama a sama-sama, cikin ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin dabbobi. Wadda Turawa suka fi kiwo 'yar ƙarama ce ja, masana suna kiranta Eisenia fetida, kuma ta fi walwala tsakanin digiri 15 da 25. Mu kuwa muna da tamu, Eudrilus eugeniae, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, yanzu kuma ana kiwonta har Indiya da Filifin. Doguwa ce, takan kai santimita 15 ko fiye, launinta ja mai duhu da ƙyallin shuɗi, ga ci ga saurin girma. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 30. Sanyi ne rauninta, kuma idan ba ta gamsu da wuri ba takan yi ƙaura cikin dare.

Samunta ba ya buƙatar kuɗi. Da damina a duba ƙarƙashin tsohon tarin taki, ko gindin ayaba, ko bakin fadama inda ganye ke taruwa ya ruɓe. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba tsohon kashin shanu da ɓawon kankana a irin wannan wuri mai inuwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu idan aka ɗaga buhun, duk wadda aka tarar ta taru a cikin takin ita ce ake so, domin da kanta ta nuna irin abincin da take ci. A kwashe ta tare da takin da take ciki, saboda akwai ƙwanta a nan. Masunta ma sun san inda take, tunda da ita suke ɗana ƙugiya. Tafi biyu sun isa farawa. Wanda ya samu kwatan kilo ko rabin kilo, aikinsa zai fi sauri.

Wajen zaɓen mazubi, faɗi ya fi zurfi muhimmanci, domin a saman santimita 15 zuwa 20 take ci take zama. Zurfin da ya wuce santimita 40 ba ya ƙara komai sai danƙarewa da rashin iska a ƙasa. Ma'aunin da Appelhof ta bayar yana da sauƙin riƙewa: duk rabin kilo na sharar kicin da gida ke fitarwa a mako, yana buƙatar fili kamar santimita 30 a tsaye, 30 a kwance. Ke nan babban bahon wanki zai ɗauki abin da ƙaramin gida ke fitarwa na ɓawo da ganye.

Bahon roba ga araha ga sauƙin hudawa, amma yana riƙe zafi, musamman baƙi. Gangar ƙarfe kuwa a manta da ita. Akwatin katako yana numfashi, sai dai gara ba za ta bar shi ba. A ganina babu abin da ya kai tukunyar ƙasa dacewa da yanayinmu, ko da tsohuwar randa ce da ta tsage aka daina zuba ruwa a ciki, ko kasko mai faɗin baki. Jikin tukunya yana naso, kuma yayin da nason ke bushewa yana janye zafin ciki. Wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yi amfani da ita wajen adana tumatir da ganye: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Abin da ya hana tumatir lalacewa zai hana tsutsa mutuwa. Wanda ba shi da tukunya biyu, ya binne rabin ɗayar cikin yashi a babban baho, ya riƙa jiƙa yashin. Mai lambu babba kuma zai iya gina kwami da bulo, tsayin bulo biyu, faɗin mita ɗaya, a daɓe ƙasan da siminti a karkace, a sa ɗan bututu don ruwa ya fita. Ko wane mazubi aka zaɓa, kada ya zama wanda aka taɓa dama maganin feshi a ciki.

Idan roba ce, a gasa ƙusa a huda gindinta wuri kamar 20, a kuma huda jikinta kewaye kusa da baki don iska. Tukunya kuwa huda biyu ko uku a hankali sun wadatar. A shimfiɗa guntun tsohon gidan sauro a ciki don kada tsutsotsi su bi ta hudar, a sa wani mazubi a ƙasa ya tari ruwan da zai ɗiga. Sannan a ɗora a kan benci ko tebur, a tsoma kowace ƙafarsa cikin gwangwani mai ruwa. Wannan ɗan gwangwani shi ne katangar da ke tsakanin kiwon da tururuwa da kwarkwasa, kada a bari ya ƙafe. Wurin girkawa ya kasance inda rana ba ta taɓawa ko sau ɗaya a yini: gindin mangwaro ko darbejiya, ƙarƙashin rumfar zana, ko jikin katangar da ke shan inuwa. A nisanci rumfar kwano mai ƙasa-ƙasa, da bangon da rana ta doka da yamma, domin yakan ci gaba da fesa zafi har tsakar dare.

Kafin a kawo tsutsa sai an yi mata shimfiɗa. A yayyaga kwali, a cire masa salatif, a jiƙa shi ya kwana. A haɗa da busasshen ganye ko guntun harawa, da tsohon kashin shanu ko na awaki wanda ya bushe ya huce, kamar kashi biyu na kwali da ganye, kashi ɗaya na taki. A watsa tafi ɗaya na ƙasa mai yashi. Tsutsa ba ta da haƙori, a ƙundunta take niƙa abinci, kuma yashin ke taimaka mata. A zuba shimfiɗar ta kai santimita 15 zuwa 20, a bar ta sakwa-sakwa, kada a danna. Gwajin danshi a hannu yake: a damƙi shimfiɗar a matse, idan ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne, idan ruwa ya tsiyaya ya yi yawa, idan babu ko ɗigo a ƙara. Ta fatarta take numfashi, fatar kuma sai da laima take aiki, amma ruwan da ya kwanta yana toshe iska. Ruwan rijiya ko na sama ya fi. Idan na famfo ne mai warin magani, a bar shi ya kwana a bokiti a buɗe.

Daga nan sai haƙuri na mako guda. Sabuwar shimfiɗa takan ɗauki zafi idan ta fara ruɓa, don haka a cusa hannu har tsakiya. Idan da ɗumi, a jira. Idan ta yi sanyi, a juye tsutsotsin a kai da yamma, a bar su su nutsa da kansu. A rufe saman shimfiɗar da jiƙaƙƙen buhu, sannan a rufe bakin mazubin da faifai ko raga, a ɗora dutse saboda ɓera da jaɓa da ƙadangare. A daren farko da na biyu a bar fitila a kusa. Ba ta son haske, shi zai hana ta fita yawo kafin ta saba da wurin. Kada a ba ta komai sai bayan kwana uku.

A wajen ciyarwa ne mafi yawan masu farawa suke ɓata kiwonsu, kuma ba da rowa ba, da yawan kyauta. Tsutsa ba ta cin ɗanyen abu. Jira take ƙananan halittun da ido ba ya gani su fara narkar da shi, sannan ta tsotse. Shi ya sa yankakken ɓawo ya fi saurin ƙarewa a kan wanda aka jefa ɗungurungum. Idan komai ya yi mata daidai, takan ci kusan rabin nauyinta a rana, wato rabin kilo na tsutsa zai ci kwatan kilo. Amma wannan sai kiwo ya kafu. A watan farko a ba da ƙasa da rabin haka. A ɗaga buhu, a tona gefe guda, a zuba, a mayar da shimfiɗa a rufe. Karo na gaba a koma wani gefen. Ba a ƙara sabo sai an ga na baya ya kusa ƙarewa. Hikimar zubawa gefe guda ita ce idan abincin ya yi zafi ko tsami, tsutsa tana da inda za ta gudu.

Abin da ta fi so shi ne mai taushi: ɓawon ayaba, kankana, gwanda, kabewa, mangwaro, tsinken alayyafo da latas da kabeji, ganyen shayin da aka tace, ɓawon dankali da na doya. Kashin shanu da na awaki da na zomo da suka kwana biyu abinci ne mai kyau, har ma sun fi sharar kicin sa ta hayayyafa. Lokaci-lokaci a daka busasshen ɓawon ƙwai ya yi laushi a barbaɗa cokali guda, yana rage tsami. Duk sanda aka zuba abu mai ruwa irin kankana, a bi shi da busasshen kwali.

Miya ba ta shiga, ko kaɗan. Gishiri da kanwa da magi suna ƙona fatar tsutsa, mai kuma yana toshe mata numfashi. Nama da kifi da nono suna jawo wari da ɓera. Barkono, attaruhu, albasa, tafarnuwa da ɓawon lemo a kai su juji na daban. Ragowar tuwo da shinkafa a bar wa kaji. Akwai kuma abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Na farko toka: sharar tsakar gidanmu kusan kullum da toka a ciki, ita kuwa toka tana da kaifi irin na kanwa, don haka sharar da aka share da tsintsiya daga bakin murhu ba ta wannan mazubi ba ce. Na biyu sabon kashin kaji da ƙasar turke mai fitsari. Warin da ke hawa hanci daga gare su yana iya kashe kiwo gaba ɗaya cikin dare. Kashin dabbar da aka ba maganin tsutsar ciki kwanan nan a bar shi ya yi wata guda a waje. Na kare da kyanwa kuwa ba a sa shi, saboda cututtukan da zai iya kaiwa ga kayan lambu.

Kowane lokaci na shekara da irin kulawarsa. Daga Maris zuwa farkon damina a rage abinci zuwa rabi, domin ruɓewar abinci kanta wuta ce a cikin mazubi, a haɗa ta da zafin gari kuwa sai asara. A jiƙa buhun rufi safe da yamma, a lulluɓe jikin mazubin da wani jiƙaƙƙen buhu, kuma da tsakar rana a cusa yatsu a ji. Idan ɗumin cikin ya kusa kai na jikin mutum, an shiga haɗari: a kwashe abincin da ke ciki, a yayyafa ruwan randa, a mayar da mazubin wuri mafi sanyi a gidan. Da damina matsalar ruwa ce, a tabbatar ruwan sama ba ya zuba a ciki kuma hudojin ƙasa ba su toshe ba. Da hunturu bushewa ke sata a hankali, sama ta yi ƙamas alhali mutum yana zaton komai lafiya. Ga kuma sanyin asuba na Disamba da Janairu da ke sa tsutsar tamu ta daina ci. A kare ta daga iska, a ƙara kaurin rufi, ko a shigar da ita zaure.

Mazubi mai lafiya ba ya wari. Ƙamshinsa irin na ƙasar da ta sha ruwan farko ne. Idan aka ji tsami ko ɗoyi, abinci ya yi yawa ko ruwa ya kwanta: a tsame abin da ya ruɓe, a zuba busasshen kwali, a ɗan motsa saman da hannu, a dakatar da ciyarwa mako guda. Idan tsutsotsi suka taru a jikin bango ko bakin murfi suna neman fita, wani abu ya dame su, ko zafi, ko tsami, ko gishiri ya shiga. A nemo dalilin maimakon a toshe musu hanya. Tururuwa a ciki alamar bushewa ce. Ƙananan ƙudaje kuma alamar an bar abinci a buɗe ne. Wani lokaci za a ga wasu kauraran tsutsotsi farare-farare masu gaɓa-gaɓa, 'ya'yan wani baƙin ƙuda ne mai kama da zanzaro. Ba sa cizon tana, amma suna rige ta cin abinci suna ɗumama wurin. A tsince su a ba kaji.

Kowace tana namiji ce kuma mace, amma sai biyu sun haɗu suke yin ƙwai. Ƙwan ɗan ƙulli ne mai tsini, girmansa kamar ƙwayar dawa, yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu zuwa uku, 'ya'yan kuma su balaga cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Ganin waɗannan ƙulle-ƙulle a cikin shimfiɗa shi ne shaidar kiwo ya karɓi wuri. Ba a fargabar su yi yawa, domin idan wuri ya cika sukan rage haihuwa da kansu. Abin da ake cewa idan an yanka tana biyu kowane ɓari zai rayu ba gaskiya ba ne, don haka da hannu ake tonawa, ba da wuƙa ko fartanya ba.

Bayan wata biyu zuwa uku, kwali da ganye za su ɓace, a ga baƙin gari mai ƙananan ƙwayoyi ya cika wurin. Akwai hanya biyu ta kwasa. Ta mai haƙuri: a ture tsohon takin gefe guda, a zuba sabuwar shimfiɗa da abinci a ɗaya gefen, cikin mako biyu zuwa uku yawancinsu za su ƙaura, sai a kwashe wanda suka bari. Ta mai sauri: a shimfiɗa buhu a inuwa mai haske, a juye komai, a yi ƙananan tsibi-tsibi. Tsutsotsi za su gudu ƙasa, a riƙa share saman tsibin duk bayan minti goma, har a iske su dunƙule a gindi. Kada a yi wannan a rana tsaka, kuma a ɗaure kaji tukuna. A mayar da su sabuwar shimfiɗa tare da ɗan tsohon taki. A bar takin ya sha iska a inuwa kwana biyu, a tankaɗe da rariya mai manyan ido, abin da ya rage a kai a mayar cikin mazubi. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Ruwan da ke ɗiga a ƙasa wasu suna zuzuta shi fiye da kima. Ruwa ne da ya ratsa abincin da bai gama ruɓa ba, kuma yawansa ma alama ce ta an cika jiƙawa. Idan ba ya wari, a sirka kashi ɗaya da kashi goma na ruwa a zuba a gindin bishiya ko fure. Kada a watsa shi kan latas ko wani ganye da ake ci ɗanye. Idan yana wari, a zubar.

Game da takin kansa, gara a san iyakarsa tun farko. Sinadarin naitirojin da ke cikin yuriya kashi 46 ne cikin ɗari. Na takin tana yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba. Baho guda ba zai ciyar da gonar masara ba. Ƙarfinsa a wani wuri yake: ba ya ƙona saiwa, yana sakin abincinsa a hankali, yana sa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, kuma yana ɗauke da ƙananan halittu masu rayar da ƙasa. Inda ya fi nuna kansa shi ne renon iri da noman buhu da 'yan kwamin tsakar gida. Gwaje-gwajen da Clive Edwards da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Jihar Ohio sun nuna cewa kaɗan daga cikinsa a ƙasar reno yana ƙara girman shuka, cika shi da yawa kuma ba ya ƙara amfani. Don haka kashi ɗaya na taki, kashi huɗu na ƙasa ya isa renon tumatir ko tattasai. Lokacin dashe a zuba tafi guda a kowane rami. Shukar da ta riga ta tsaya a barbaɗa mata a gindi, a rufe da ƙasa ko ciyawa, a ba da ruwa nan take, domin rana tana kashe abin da ke da rai a cikinsa. Wanda ba za a yi amfani da shi yanzu ba a zuba a buhu mai numfashi, a ajiye a inuwa da ɗan laimarsa, kada a ƙulle shi a leda.

Mafi dacewar lokacin farawa shi ne Yuni ko Yuli, sanda tsutsa ke samuwa kuma gari ya yi sanyi. Kwasar farko za ta zo daidai da shirin noman rani, kuma kafin Maris kiwon ya yi yawan da za a raba shi mazubi biyu, a girke su wurare daban-daban, don idan zafi ko kwarkwasa suka ci ɗaya a samu iri a ɗayan.